Bayan Kilomita Nawa Ya Kamata a Yi wa A-kori-kura Juye?

Tambaya: Ina da a-kori-kura da nake aiki da ita kusan kullum, wani lokaci da kaya, wani lokaci fanko. Wani bakanike ya ce in riƙa juye baƙin mai duk kilomita 5,000, wani kuma ya ce man zamani yana kai 15,000 ba abin da zai same shi. Wanne zan bi?

Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, sai dai kowanne ya ba ka amsar da ta dace da wata irin mota da wani irin aiki, kuma ba lalle ne naka aikin ba. Mitar mota nisa take ƙirgawa, shi kuwa baƙin mai ba nisa ne ke gajiyar da shi ba. Zafi ne, da ƙura, da nauyin kaya, da yawan sa'o'in da inji ya yi yana juyawa. Motoci biyu iri ɗaya za su iya cin kilomita 8,000 kowacce, man ɗaya yana nan da sauran ƙarfinsa, na ɗayar kuwa ya mutu tun a 5,000.

In lissafin farko kake so, ga shi. Injin fetur na zamani da ake zuba wa man sintetik (wanda aka harhaɗa a masana'anta, ba man minaral na gama-gari ba), wanda yawancin tafiyarsa doguwa ce a kan kwalta ba tare da kaya mai nauyi ba, yana iya kai kilomita 10,000 zuwa 15,000, ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Injin nan dai in ana ɗora masa kaya, ana jan tirela, ana bin hanya mai ƙura ko ana yawan tsayuwa a cunkoso, ka dawo 5,000 zuwa 7,500, ko wata shida. Injin dizal na matsakaiciyar a-kori-kura yawanci 10,000 ne a aikin sauƙi, 5,000 a aikin wahala. Waɗannan lambobi madogara ce kawai ta farawa. Abin da ke rubuce a littafin motarka ya fi su ƙarfi, domin waɗanda suka ƙera injin sun san yawan man da yake ɗauka da irin zafin da yake kaiwa.

A littafin nan akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa. Jadawalin sabis ba ɗaya ba ne, biyu ne: na tuƙin yau da kullum da na aiki mai wahala. Kowa yana duba na farko saboda shi ne mai doguwar tazara, alhali in ka karanta sharuɗɗan na biyu za ka ga kusan duk motar da ake neman abinci da ita a nan take. Sharuɗɗan sun haɗa da jan tirela ko ɗaukar kaya mai nauyi, bin hanyar ƙasa mai ƙura ko laka, barin inji a silo, wato yana aiki mota na tsaye, na tsawon lokaci, tafiya a hankali cikin cunkoso, da gajerun tafiye-tafiye da ba su kai kilomita 8 ba. Misali, a kasuwar Amurka Toyota ta ba a-kori-kurarta Tacoma da Tundra masu amfani da mai mai lambar kauri 0W-20 tazarar mil 10,000, wato kusan kilomita 16,000, ko wata 12, amma in motar ta shiga waɗancan sharuɗɗa tazarar ta koma mil 5,000 ko wata shida. Littafin a-kori-kurar Ram 1500 kuma ya sa iyaka uku a lokaci guda: kada a wuce kilomita 16,000, ko wata 12, ko sa'a 350 na aikin inji. Ga motar da ke aiki cikin ƙura ko yawan silo ya rage zuwa kilomita 6,500. Ka lura da yadda inji ɗaya, mai ɗaya, tazarar ta ragu da rabi ko fiye saboda aikin ya canza.

Don ka gane dalili, sai ka san abin da ke cikin galan ɗin da kake saya. Kusan kashi huɗu cikin biyar tsantsar mai ne, ragowar kuma sinadarai ne da aka haɗa, kowanne da aikinsa. Akwai mai wanke datti daga jikin fistan, akwai mai riƙe ƙwayoyin kunkunniya kada su dunƙule, akwai mai kashe asid, akwai mai ɗauke da zink da fosfaros da ke shafa wani siririn rufi a inda ƙarfe ke goga ƙarfe, akwai kuma mai hana man tsinkewa idan ya yi zafi. Waɗannan sinadarai ƙarewa suke yi a hankali kamar sabulu. Tsantsar man ma tana haɗuwa da iska a cikin zafi ta riƙa yin kauri da ɗanko. Masana man inji suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan lalacewa kusan sau biyu. Inji mai lafiya yana riƙe mansa tsakanin digiri 90 da 110 a ma'aunin Salshiyos. Ka ɗora masa kaya ya hau tudu mai tsawo a giya ta ƙasa, man na iya kai 120 ko 130. Sa'a guda a wannan hali ta fi sa'o'i da yawa na tafiya fanko cin rayuwar mai.

Abin mamaki shi ne rashin zafi ma illa ne, kuma shi ya fi yaudarar mutane. Duk lokacin da fetur ko dizal ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, wani ɓangare kuma yana sulalewa ta gefen ringi ya sauka cikin kaskon mai. Idan inji ya yi sanyi tururin yana komawa ruwa. Haka nan a mintunan farko bayan an tayar da mota inji yana shan fetur fiye da kima, wanda bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin mai. Tafiyar minti 20 zuwa 30 da cikakken zafi takan kori yawancin ruwan da fetur ɗin. Motar da ake tayarwa a je kilomita uku a kashe, a dawo a kashe, ba ta samun wannan dama. Ruwan ya haɗu da hayaƙin ƙonuwa ya zama asid, asid ya fara cin metal ɗin karanshaf, wato rufin ƙarfe mai laushi da yake juyawa a kai, fetur kuma ya tsinka man. Shi ya sa ake haɗa watanni da kilomita. Wanda motarsa ta yi kilomita 2,500 kacal a shekara yana ganin mansa sabo ne, alhali in duka gajerun tafiye-tafiye ne, man ya fi na direban doguwar hanya lalacewa. Ko motar ba ta motsa sosai ba, kada mai ya wuce shekara a ciki.

Sai batun silo, wanda ga motar aiki shi ne babban abin da mita ke ɓoyewa. Mota tana tsaye ana loda kaya, inji na aiki, na'urar sanyaya ɗaki na kunne, mita ba ta motsa ko kaɗan. Ford ta rubuta a littafin manyan motocinta na dizal cewa sa'a guda a silo daidai take da tafiyar kusan kilomita 40. Don haka ka koyi lissafi da sa'o'i. Motoci da yawa na zamani suna nuna jimillar sa'o'in inji a allon dashbod, wasu kuma suna nuna matsakaicin gudu, wanda in ka raba kilomita da shi za ka sami sa'o'in. Ka ɗauki iyakar Ram da aka ambata: kilomita 16,000 cikin sa'a 350 yana nufin matsakaicin gudun kilomita 45 ko 46 a sa'a. Yanzu ka duba motar da ke yin kilomita 60 a rana amma injinta yana aiki sa'a huɗu. Matsakaicinta 15 ne. Wannan mota za ta cika sa'a 250 cikin kwana 62 ko 63 na aiki, a lokacin mita ba ta nuna ko 4,000 ba. In mai ita ya jira 10,000, man ya yi sa'a fiye da 650 yana aiki. Ga motar wahala, sa'a 200 zuwa 250 iyaka ce mai kyau, kuma in matsakaicin gudunka bai kai kilomita 30 a sa'a ba, ka bar mita ka bi sa'o'i.

Ƙura kuwa ba sinadari take lalatawa ba, niƙa take yi. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri, kuma wadda ta fi ɓarna ita ce ƙaramar da ido ba ya gani, domin ita ke iya shiga tsakanin ringi da silinda. Ta hanyar iska take shigowa, saboda haka lafiyar filtar iska tana cikin lissafin juye. Filtar da ta huje, ko murfin akwatinta da bai zauna daidai ba, ko tiyon iska da ya tsage bayan filta, kowanne zai cika sabon mai da yashi cikin 'yan makonni. Ka buɗe akwatin ka shafa yatsa a cikin tiyon da ya nufi inji. In ka ga ƙura a nan, matsalarka ta wuce ta tazarar juye. A guji busa filtar takarda da iska mai ƙarfi, domin yana yage ƙananan ramukanta ko da ba a gani da ido.

In motarka ta dizal ce, akwai ƙarin abubuwa uku. Na farko kunkunniya. Injin dizal yana zuba ta cikin mai tun ranar farko, shi ya sa man yake baƙi ƙirin bayan kilomita kaɗan, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce. Matsala tana zuwa ne idan ta yi yawa har sinadarin da ke riƙe ta ya gaza, sai man ya yi kauri, ƙwayoyin su dunƙule su riƙa cin sarƙar taimin da kamshaf. Nozul mai yoyo ko filtar iska da ta toshe suna ninka wannan. Na biyu farar wuta, wato salfa, da ke cikin dizal ɗin kansa. A Turai iyakarta kashi 10 ne cikin miliyan, a Amurka 15, kuma doguwar tazarar da ake gani a littattafan can an gina ta ne a kan irin wannan tsaftataccen dizal. Inda salfa ta kai ɗaruruwa ko dubbai cikin miliyan, asid yana taruwa da sauri, kuma littattafan injin dizal da dama suna cewa a rage tazarar. In ba ka da tabbacin ingancin dizal ɗin da kake sha, ka ɗauki gajeren jadawali.

Na uku ya shafi sababbin motoci masu tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda ake kira DPF. Idan ta cika, kwamfutar mota tana fesa ƙarin dizal don ta ƙona abin da ya taru, a yawancin injuna ta cikin silinda, kuma wani ɓangaren dizal ɗin yana gangarawa cikin mai. In ana kashe mota kafin ƙonawar ta kammala, kwamfuta za ta sake farawa gobe, dizal ya ƙara taruwa. Alamar ita ce mai yana hawa a geji, wato sandar auna mai, maimakon ya ragu. Kada ka yi murna da wannan. Man da ya haura alamar cika ba tare da ka ƙara ba, ya tsinke, a juye shi nan take a nemi dalili. Irin waɗannan injuna kuma suna buƙatar mai maras yawan toka, wanda za ka ga an rubuta C2 ko C3 na ma'aunin ingancin mai na Turai, ACEA, a jikin galan, ko CK-4 na ma'aunin Amurka, API, gwargwadon abin da littafi ya ce. Man da ba shi ba zai toshe tukunyar da tokar da ba ta ƙonuwa.

Game da irin mai, sintetik ya fi na minaral jure zafi, ya fi shi saurin isa saman inji da safe, kuma ba ya saurin ƙonewa ya daskare a cikin turbo, wanda sandarsa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti. Injin da ke da turbo bai kamata a ba shi wani abu ƙasa da sintetik ba. Amma ka riƙe wannan: sintetik ba ya hana ƙura shiga, ba ya korar fetur ko ruwan da ya gauraya da shi. In zafi ne matsalarka, zai ƙara maka tazara. In datti ne, ba zai ƙara maka komai ba, sai a zubar da shi a lokacin da za a zubar da na minaral. Idan kuwa na minaral kake zubawa, 5,000 zuwa 6,000 ya isa. Kauri ma ka bi na littafi, ko 0W-20 ne, ko 5W-30, ko 15W-40. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota don wai ya fi ƙarfi tana cutar da injin zamani, domin hanyoyin mansa matsattsu ne, kuma na'urar da ke sarrafa lokacin buɗe bawul da matsin mai take aiki. Ga injin fetur ka duba haruffan API: SN, ko SP da ya fito a 2020, ko wanda ya biyo baya. SP yana da muhimmanci ga ƙananan injuna masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, saboda an tsara shi ya rage wata irin fashewa kafin lokaci da ke iya fasa fistan. Duk wannan lissafi kuma yana tsayawa ne a kan man gaske. Jabun mai ba shi da tazara, don haka ka sayi galan da hatiminsa bai ɓalle ba, a buɗe shi a gabanka.

Ita tsohuwar ƙa'idar mil 3,000, wato kusan kilomita 5,000, ko wata uku, daga zamanin kafireto ta samo asali, lokacin da injuna ke zubar da fetur cikin mai da yawa, man kuma bai kai na yanzu inganci ba. Ga tsohuwar mota mai kafireto har yau daidai ce. Ga sabuwa mai aikin sauƙi, juye da wuri ba ya cutar da inji, asarar mai ce kawai, sai kuma cewa duk kwance noti da ɗaure shi dama ce ta yin kuskure. In za a yi kuskure dai, gara a yi shi ta ɓangaren wuri.

Idan motarka tana nuna saura kashi nawa ya rage na rayuwar mai, ka san cewa a yawancin motoci babu abin da ke ɗanɗana man. Kwamfuta ce ke lissafi da yawan juyawar inji, zafinsa, sau nawa aka tayar da shi a sanyi, da tsawon silo. Lissafin yana da kyau, ya fi mita nesa ba kusa ba. Amma bai san ƙura ba, bai san irin man da aka zuba ba, kuma bai san ko man ya ragu ba. A wasu motocin ma fitilar ba lissafi take yi ba, kilomita kawai take ƙirgawa ta kunna. Ka duba littafi ka san wacce ce taka. A motar wahala kada ka jira ya kai sifiri, ka yi juye yana kashi 20 ko 15. Bayan juye a tabbatar an mayar da lissafin farko, kuma kada a taɓa mayar da shi ba tare da an yi juyen ba.

Geji shi ne abin da ya fi komai sauƙi, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ka duba sau ɗaya a mako, ko kafin duk doguwar tafiya da kaya. Mota a wuri mai baje, inji a kashe na minti biyar zuwa goma, ka zaro ka goge da tsumma mai tsafta, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama yawanci kusan lita guda ce. Injin da ke ɗaukar lita shida in ya rasa ɗaya da rabi, ragowar man ne ke ɗaukar duk zafi da dattin, don haka ya fi saurin mutuwa.  Fitilar mai ja da ke dashbod ba ta gaya maka mai ya ragu, tana gaya maka matsi ya faɗi ne, kuma in ta kunna kana tafiya, ka tsaya ka kashe inji a take. Ciko kuma ba ya maye gurbin juye, domin dattin da ke ciki yana nan.

Launi ba ma'auni ba ne, baƙin mai yana iya zama lafiyayye, mai haske kuma yana iya zama cike da fetur. Abin dubawa shi ne wari da kama. Warin fetur ko dizal mai ƙarfi, man da ke ɗiga daga geji kamar ruwa, tsakuwa-tsakuwa in ka murza tsakanin yatsu, ƙyalƙyalin ƙarfe in ka haska shi a rana, duk waɗannan suna nufin kada a jira. In man ya koma ruwan ƙasa mai kauri kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. Ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai yana iya zama daga gajerun tafiye-tafiye, amma in geji ma haka yake, ruwan lagireto kuma yana raguwa, ana zargin gasket ɗin kan inji ko na'urar sanyaya mai. A nan juye ba gyara ba ne, sai an toshe inda ruwan ke shiga.

Wanda yake son amsar da babu zato a cikinta, musamman mai motoci da yawa, sai ya kai man ɗakin gwaji. Ana ɗiban kusan mililita 100 a kwalba mai tsafta, inji da ɗumi, daga tsakiyar zubar man, ba farkonsa ko ƙarshensa ba, a rubuta kilomita da sa'o'in da ya yi da irin man. Sakamakon zai nuna kauri, yawan fetur ko dizal da ya shiga, kunkunniya, da sauran ƙarfin kashe asid da ake kira TBN. Silikon mai yawa ƙura ce, sodiyam da fotasiyam ruwan lagireto ne, tagulla da dalma daga metal suke, baƙin ƙarfe kuma daga silinda ko kamshaf. Gwaji ɗaya ba ya faɗin komai sosai, sai an jera biyu ko uku. Ka fara a 5,000, in sakamako ya yi kyau ka ƙara 1,500 ko 2,000 ka sake gwadawa, har ka ga inda lambobin suka fara karkacewa, sai ka koma baya kaɗan ka tsaya a nan. In motar tana cikin garanti, kada ka wuce iyakar littafi ko da gwaji ya ce man yana da saura, kuma ka adana rasit.

Filta ana canza ta a kowane juye. Tsohuwar tana riƙe da dattin mai da zai gurɓata sabon, kuma a cikinta ko a mazauninta akwai bawul da ke buɗewa idan ta toshe, don kada inji ya rasa mai. Daga lokacin man yana zagayawa ba tacewa, babu kuma fitilar da za ta sanar da kai. Filta maras inganci ba ta dace da doguwar tazara ba ko da man sintetik ne.

Yadda aka yi juyen ma yana cikin maganar. A yi shi inji da ɗumi, ba da tsananin zafi ba, don man ya gudana ya kwaso abin da ya kwanta. A bar shi ya tsiyaye minti goma ko fiye. A sa sabuwar washa a notin kasko, a ɗaure da ma'auni, wanda a yawancin motoci yake tsakanin 25 da 40 na Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, domin ɗaurin ƙarfi yana cinye zaren kaskon, musamman na alminiyam. In an cire tsohuwar filta a duba ko robarta ta fito tare da ita. Takan manne a jikin inji, in aka ɗora sabuwa a kanta robobi biyu za su fashe a hanya, man ya tsiyaye cikin mintuna. A shafa mai a sabuwar robar, a murɗa da hannu har ta taɓa, sannan a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Yawan man ya bambanta: matsakaitan a-kori-kura suna ɗaukar lita biyar zuwa takwas, manyan na dizal suna kai 11 zuwa 13. A zuba ƙasa kaɗan da abin da littafi ya ce, a tayar na minti ɗaya ana kallon fitilar mai ta mutu, a kashe, a leƙa ƙasa a duba yoyo, sannan a cike da geji. Wuce alamar sama illa ne, karanshaf zai riƙa dukan man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi. Tsohon man a tara shi a mazubi mai murfi a kai inda ake karɓa, kada a zuba a ƙasa ko a magudanar ruwa.

Jinkiri ba ya nuna kansa a rana ɗaya, shi ya sa mutum zai ce ya yi 20,000 bai ga komai ba. Ɓarnar tana taruwa ne a ɓoye. Laka mai kama da kwalta tana kwanciya a ƙarƙashin murfin bawul da cikin kasko. Ringin da ke share mai daga bangon silinda yana maƙalewa, inji ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Sarƙar taimin tana saki, ka fara jin ƙara da safe. A ƙarshe lakar ta toshe rariyar famfon mai, matsi ya faɗi, metal ya narke. In ka sayi mota ta hannu da ba ka san tarihinta ba, ka haska tocila ta ramin zuba mai. In ka ga laka mai kauri, ka yi hattara da sinadaran wanke inji masu ƙarfi, suna iya ɓamɓaro ta gunduwa-gunduwa ta toshe rariyar nan. Ya fi aminci a yi gajerun juye biyu ko uku, kowanne bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000 da sabuwar filta, in abin ya yi muni kuma a sauke kasko a wanke shi da rariyar da hannu.

Ga motarka da ke aiki kusan kullum, wani lokaci da kaya, ka fara da 5,000 in dizal ce ko man minaral kake zubawa, 7,500 in fetur ce da sintetik, kuma kada ka wuce wata shida. Ka ajiye ɗan littafi a mota, wata guda kana rubuta kilomita da sa'o'in aikin inji na kowace rana. In lissafi ya nuna matsakaicin gudunka ya haura 45 kuma hanyarka kwalta ce, kana iya matsawa zuwa 10,000 muddin ba man minaral kake zubawa ba. In bai kai 30 ba, ka koma kan sa'a 200 zuwa 250. Akwai kuma lokutan da ba a duba mita ko kalanda: bayan inji ya yi zafi har allura ta shiga ja, bayan an ratsa ruwa mai zurfi da ya kai kasko ko hanyar iska, bayan an gyara nozul ko gasket da ya yi yoyo cikin mai, da kuma bayan an sake haɗa inji, inda ake juye man farko a kilomita 800 zuwa 1,000 don a fitar da garin ƙarfen da sababbin ringi suka goge.